Ƙauri a Gidan Alhaji Salifu

Nouhou ya tura murfin silin da kafaɗa, ya cusa kai cikin duhun da ke ƙarƙashin rufi. Tun bai kunna tocila ba ƙaurin ya tare shi. Shekara goma sha huɗu yana aikin wutar lantarki a Faransa, ya san warin roba idan ta fara narkewa, ya kuma san na katako idan ya daɗe yana gasuwa bai kai ga kamawa ba. Duka biyun suna nan.

"Ka ji, ko?" in ji yayarsa Rékia daga ƙasa. "Sati uku ina faɗa, ana cewa hancina ne."

Ya haye, ya yi rarrafe a kan katakan da ke riƙe da silin. An shimfiɗa audugar gilashi mai kauri ko'ina, irin wadda ake sawa don kada ɗumin gida ya tsere ta rufi. Ya kama gefenta ya ɗaga. Ga bayan wata fitilar silin nan, an binne ta kamar dankali a toka. Takardar da ke manne da audugar ta koma baƙa, yana taɓa ta ta ruɓushe a yatsunsa. Kusa da ita transfo ne, ɗan akwatin ƙarfe mai rage wa fitilar ƙarfin wuta, shi ma a binne. Ya ɗora hannu ya janye da sauri. Minti ashirin kacal da ya sa Rékia ta kunna.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, goma sha biyu. A ta bakwai an manna fitilar da jikin katako, wurin ya yi gawayi da faɗin tafin hannu. Ya sa sukundireba ya ɓantaro gawayin, ya jefa a aljihu. 

Jiya da la'asar Rékia ta kira shi a gidansa da ke Bron, kusa da Lyon, tana magana ƙasa-ƙasa. Ya roƙi hutun kwana ɗaya a wurin aiki, da asuba ya kama jirgin ƙasa na farko daga Lyon zuwa Paris, daga nan ya shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya hau bas har Stains, unguwar su Rékia. Duk hanyar yana tuna yadda aka yi wata uku da suka wuce. Mijin Rékia, Alhaji Salifu, mai safarar atamfa da leshi, ya ƙara gina babban falo a bayan gidansa, ya kuma ga irin waɗannan ƙananan fitilu da ake nutsarwa cikin silin a wani otal, ya ce sai an sa masa. Nouhou ya ce zai yi, amma aikin kwana uku ne, domin kowace fitila sai an yi mata akwati a sama. Alhaji ya ce zai yi tunani. Tunanin ya ƙare a kan Ilya, wani ɗan garinsu da ke fenti, ya gyara famfo, ya yi kanikanci, duk da sukundireba ɗaya. A yini guda Ilya ya gama.

Da ya sauko, sai a lokacin ya lura da katifar da ke kusurwar falon. Sahadatou ce, 'yar Rékia, zaune da jaririyarta 'yar kwana shida a cinya.

"Nan take kwana?"

"Nan ya fi ɗumi," in ji Rékia.

Ya ɗaga kai ya ƙirga. Fitila ta bakwai tana daidai saman katifar.

"Sahadatou, ɗauki ɗiyarki ki koma ɗakin uwarki. Yanzu."

"Kawu, lafiya?"

"Na ce yanzu!"

Jaririyar ta farka ta tsala kuka. Sahadatou ta tattara zannuwa ta fita, tana waigensa kamar ba ta san shi ba.

Alhaji Salifu ya shigo wajen ƙarfe goma sha ɗaya, cikin babbar riga da kot a sama, yana murmushi. Gobe suna, an riga an yi odar raguna biyu, kuma mutanen ofishin jakadanci sun ce za su zo. Ya miƙa wa Nouhou hannu, ya tambayi hanya, ya tambayi matar Nouhou, Husainatu, da yara, ya tambayi sanyin Lyon. Nouhou ya amsa duka a gajarce, haƙoransa a cije.

"Madalla da ka zo," in ji Alhaji. Ya buɗe jakar hannunsa ya zaro wata takarda ya shimfiɗa a tebur. "Dama ina son ganinka. Masu duba aikin wuta sun ce sai wanda ya yi aikin ya sa hannu kafin su zo. Ilya ba shi da takardar sana'a. Kai kana da ita. Sa mana hannu nan, shi ke nan."

Nouhou ya dubi takardar, ya dubi Rékia. Ta sunkuyar da kai. Ya zura hannu a aljihu, ya ajiye gawayin a tsakiyar takardar.

"Mene ne wannan?"

"Gidanka ne, Alhaji. Daga saman kan jikarka na ɓantaro shi."

Alhaji ya ɗauka ya jujjuya, ya shinshina, ya ajiye. "Sabuwar fitila dole ta yi ɗan wari. Ilya ya faɗa mini."

"Ilya ya faɗa maka! Ilya ya taɓa ganin gida yana ci da wuta daga sama? Irin wannan ƙwan, zafinsa ya isa ya gasa tsire. An lulluɓe shi da auduga, an jingina shi da katako, an ɗaure wayoyi da salatif kamar ana ɗaure ƙullin yaji. Sati uku kenan katakon yana gasuwa. Gobe za ku kunna su tun safe har dare, mutum sittin a ƙasa."

"Rage murya. Gidana ne."

"Don gidanka ne nake ɗaga ta."

Alhaji ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ya zauna, ya nuna wa Nouhou kujera, Nouhou ya ƙi zama.

"Bon. In audugar ce matsala, hau ka kwashe ta. Awa ɗaya ta ishe ka. Sai ka sa hannu."

"Ba a kwashe ta. Sabon gini ne, doka ta ce rufi sai da ita, kuma mai dubawa zai leƙa. In na yi ramuka goma sha biyu a jikinta, ɗumin da kake hura wa gida duk ta nan zai fice, raɓa ta taru a sama, kafin shekara silin ya yi baƙi ya fara zubowa. In na bar ta yadda take, wuta. Hanya ɗaya ce, ita na faɗa maka tun watan Agusta. Kowace fitila a yi mata akwati da allon filasta, a bar mata sarari ta sha iska, a matsar da ita daga katako, a ɗaga transfo a ɗaure shi sama, sannan a mayar da auduga ta zagaye akwatin. Kwana uku."

"Suna gobe ne."

"To gobe a yi suna da ƙwai biyu a rataye, kamar yadda aka yi sunanka da nawa."

Fuskar Alhaji ta sauya. Ya juya wajen Rékia yana nuna Nouhou da yatsa.

"Kin ji shi? Doka ta ce, doka ta ce. Tun da ya samu wannan 'yar takarda ya zama Nasara. Duk Damagaram ba wanda ya san wuta sai shi." Ya dawo kan Nouhou. "Ranar da ka sauka a filin jirgin Bourget da 'yar jakarka, ko rigar sanyi ba ka da ita, wa ya tarbe ka? A ɗakin wa ka kwana wata takwas? Yau hannu kawai na ce ka sa, kana karanta mini doka."

"Ban manta ba, Alhaji. Da na manta da ban shigo jirgi da asuba ba."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"Ni ban hau rimi ba, silin na hau. Ga tsani can, hau ka gani da idonka."

"Ni zan hau tsani ranar Juma'a da wannan riga?"

"To kada ka hau. Amma sunana ba zai hau wannan takarda ba. In gidan nan ya kama, mutanen asirans, masu inshora, za su zo su ɗaga auduga su ga abin da na gani, su ce ba su biyan komai, 'yan sanda kuma su zo Bron da takarda mai sa hannuna. Wannan ma ƙarami ne. Da wane ido zan dubi Yaya in an fito da Sahadatou a lulluɓe?"

"A'uzubillahi!" Alhaji ya miƙe. "Baki za ka yi mana? Ana gobe suna?"

"Ba baki ba ne, katako ne da wuta. Ba su san ana suna ba."

Alhaji ya naɗe takardar ya cusa a jaka, gawayin ya faɗi ƙasa. "Shi ke nan. Akwai wani ɗan Togo a La Courneuve, shi ma yana da takarda, kuma ya san girman mutane. Ka sha shayi ka kama hanya."

Nouhou ya tsaya yana huci. Ya san Alhaji zai samu mai sa hannu, in ba yau ba, to jibi. Ya san kuma yana fita za a kunna fitilun, domin masu kawo kujeru za su zo da yamma, kuma Alhaji ba zai bari su tafi ba su ga silin ba. Ya juya ya nufi akwatin wuta da ke bakin ƙofa, ya ja makunnin falon. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya nufi tsani.

"Me za ka yi?"

"Zan cire transfo. Duka."

"Nouhou, in ka taɓa mini kaya, kada ka sake taka gidan nan. Ko gaisuwar mutuwa."

Nouhou ya sa ƙafa a matakin farko. Tsanin ya yi gefe a kan sabon tayil mai santsi, ya kusa kifewa da shi. Ya gyara, ya sake gwadawa, ya sake zamewa. Sai ya ji tsanin ya tsaya cak. Rékia ce ta zo ta riƙe shi da hannu biyu, ta danne ƙafarsa da tata.

Shekara ashirin da shida da aurenta, Nouhou bai taɓa ganin ta saɓa wa mijinta a gaban wani ba.

"Rékia," in ji Alhaji.

Ba ta dube shi ba. "Hau," ta ce wa ƙaninta. "Yi sauri, akwai tuwo a wuta."

Alhaji ya tsaya yana kallonsu, bakinsa na motsi. Ya duba agogo, ya ja tsaki, ya fita masallaci. Ƙofar ta bugu har gilashin taga ya amsa.

Aikin ya ci awa ɗaya da rabi. Nouhou ya yanke kowane transfo, ya rufe bakin wayoyin yadda ya kamata, ya mayar da audugar inda take. Gilashinta ya shiga wuyansa da hannayensa yana ƙaiƙayi, yana aiki yana zagin Ilya, yana zagin otal ɗin da Alhaji ya gani, yana zagin wanda ya ƙirƙiro fitilar. Da ya gama ya ja waya sabuwa ya rataya ƙwai biyu na gama-gari a tsakiyar falo, ya kunna. Suka haska silin mai idanu goma sha biyu a mace.

Ya zuba transfo ɗin a jaka. Da ya ɗaga sai da kafaɗarsa ta amsa.

"Da su za ka tafi?" in ji Rékia.

"In na bar su, kafin magariba Ilya ya mayar."

Ta gyaɗa kai. Ta kawo masa tuwo ya ci a tsaye, ya yi sallar azahar a kicin. Ya leƙa ɗakin da Sahadatou take, ya ce ta yi haƙuri da tsawar da ya yi mata, ya shafa kan jaririyar da bayan hannu don kada gilashin ya taɓa ta.

A bakin ƙofa ya ce, "Yaya, na jawo miki."

"Ni na kira ka." Ta gyara masa wuyan kot. "Zai yi fushi wata ɗaya, ko shekara. Gobe dai ba ka da wurin zama a nan, wannan na sani. Je ka kafin ya dawo."

A tashar Gare de Lyon ta Paris jakar ta yi ta bugun gwiwarsa. Ya samu jirgin ƙarfe uku, ya cusa ta ƙarƙashin kujera, ya zauna yana ci gaba da faɗan a zuci. Ya faɗa wa Alhaji abubuwan da bai samu faɗa ba. Ya tuna masa shekara huɗu da ya yi yana zuwa makarantar yamma bayan ya wuni yana jan waya, da yadda ya faɗi jarrabawa sau ɗaya ya sake. Ya ce masa mutum ya sa hannu a kan aikin da ya san zai ci rai, wannan ba zumunci ba ne. Ya ce masa duk wanda ya binne fitila irin wannan ya juya baya ya tafi, to ba ma'aikaci ba ne, ɗaure shi ya kamata a yi.

A nan maganar ta tsaya masa.

Gonaki suna wucewa ta taga, shanu farare a tsaye cikin hazo. Ya daina ganinsu. Wani kicin yake gani, a unguwar Montchat ta Lyon, shekara biyu da rabi da suka wuce, lokacin da waɗannan fitilu ba su daɗe da shigowa ba. Gidan wata tsohuwa ce, Madame Gonon, mai zama ita kaɗai da kyanwa, ɗanta ya sa a gyara mata kicin. Fitila shida. Nouhou ne ya huda silin, shi ya haɗa wayoyi. Da aka kunna don gwaji ya kai hannu bayan ɗaya ya ji zafin, ya leƙo ya ce wa mai gidansu na wancan lokaci, patron, anya wannan ba ya son sarari? Patron ya duba agogo ya ce akwai wani aiki da ke jira a Villeurbanne, a mayar da auduga a sauko. A watan nan ne Nouhou zai je sabunta takardar zama, kuma ba a sabunta wa marar aiki. Ya mayar da audugar da hannunsa, ya daddanna ta sosai, ya sauko. Tsohuwar ta ba su kofi da biskit.

Kamfanin ya rufe bara. Tun daga ranar da ya yi aikin bai sake bi ta layin ba. Sau biyu aiki ya kai shi Montchat, sau biyu yana zagayawa ta wata hanya, bai kuma taɓa tambayar kansa dalili ba.

Ya yi ƙoƙarin mayar da fushinsa kan Alhaji, ya ƙi komawa. Fitila shida, sanyi biyu, ga na uku ya shigo. Tsohuwa mai wuni a kicin.

Jirgi ya shiga tashar Part-Dieu ta Lyon ƙarfe biyar da 'yan mintuna, gari ya fara duhu. Ya tsaya a rumfar tarho ya kira gida.

"Husainatu, na sauka. Amma zan ɗan biya wani wuri."

"Yaya aka ƙare da Alhaji?"

"Ya kore ni."

"Innalillahi. To ina kuma za ka?"

"Wani aiki ne da ban gama ba. In na zo na faɗa miki."

Ya wuce bas ɗin Bron ya hau wata. A Montchat ya sauka ya bi layin a ƙafa, jakar na rinjayarsa gefe ɗaya, yana ƙirga gidaje. A kwana ta biyu ya hango shi. Gidan yana nan, rufinsa lafiya. Tagar kicin na haske, ta cikin labule ya ga fitilun, duka shida a kunne.

Ya danna ƙararrawa. Aka daɗe, sannan ƙofa ta buɗe iya tsawon sarƙa. Tsohuwar ta leƙo, ta ƙara tsufa, ta dubi baƙin mutum mai ƙatuwar jaka da ƙurar auduga a gashi.

"Me kake sayarwa?" ta tambaya da Faransanci.

"Ba komai, Madame. Sunana Nouhou. Ni na sa miki fitilun kicin shekara biyu da suka wuce."

Ta ƙura masa ido. "Lafiyarsu lau. Ba abin da ya same su."

"Ban sa su daidai ba. Don Allah ki kashe su yanzu. In kina so ki kira ɗanki ya zo ya tsaya a kaina, zan jira a nan waje."

Ta dube shi, ta waiga kicin, ta sake dubansa. Ta tura ƙofar ta rufe. Ya ajiye jakar a kan matakala, ya tsaya cikin sanyi yana sosa wuya. Can sai tagar kicin ta yi duhu, ya ji ana zare sarƙa.